SALMONELA: CUTAR DA KE BIYO ƊAN TSAKO TUN DAGA CIKIN ƘWAI



Kiwon kajin turawa ya shigo garuruwanmu. Da can sai a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram a ke ganin shi. Yanzu ko a ƙaramin gari ba a rasa wanda ya gina ɗaki ya zuba ƴan tsaki 50 ko 100, ya na jiran azumi ko salla shi saida. Ƙungiyoyin mata ma sun shiga. Sana'a ce mai kyau. Kazar turawa ta nama ta na isa yanka cikin kwana 40 zuwa 45. Kazarmu ta gida kuwa sai ta yi wata 5 ko 6.

Amma akwai wata al'ada da ta biyo wanga kiwo. Ran da kwalin ƴan tsaki ya sauka daga mota, ran nan a ke yage ledar magani a zuba masu cikin ruwan sha. Ba su yi ciwo ba, ba su yi komi ba. Wanda ya saida su ya ce a ba su. Maƙwabci ya ce shi ma hakanan ya ke yi. A na ba su sati guda, a huta kwana biyu, a koma. Wasu har ranar yanka ba su dainawa. In ka tambaya sai a ce maka rigakafi ne.

Wanga ba rigakafi ba ne. Kuma ɓarnar ba ga kaji kaɗai ta tsaya ba, ta na kaiwa har ga ɗiyanmu. Dan mu gane ƙaƙa abin ya ke, sai mu fara sanin wata ƙwayar cuta da a ke ce ma salmonela.

Mi ne ne salmonela?

Ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai. Ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. A Amurka anka gano ta a 1885, anka sa mata sunan wani likitan bisashe, Daniyel Salmon. Danginta na da yawa, sun wuce iri 2500. Mazauninta hanji ne: hanjin kaza, na zabo, na agwagwa, na ɓera, na ƙadangare, na bisashe, har da na mutum. Da kashi ta ke fita, ta baki ta ke shiga.

Ta na da wuyar mutuwa. Ta na iya yin watanni cikin busasshen kashin kaji da ƙurar ɗaki. Sanyin firji ba ya kashe ta, kwantar da ita kawai ya ke yi. Wuta ce ke gamawa da ita.

In ta samu ɗumi da laima da abinci, ƙwaya guda ta na rabuwa biyu cikin minti 20 ko kusa da hakanan. Biyu su zama 4, 4 su zama 8, 8 su zama 16. Ku ɗauki allo ku ci gaba da lissafin. Cikin awa 7 za ku tarda ƙwaya guda ta zama fiye da miliyon 2. To ku tuna da ruwan shan kaji da ya yini da kashi a ciki lokacin bazara.

Cikin danginta akwai masu kashe kaji. Wata ita ke kawo farin zawo na ƴan tsaki. Za ka gan su sun taru wajen wuta, ido rufe, fukafukai sun sauka, farin kashi ya liƙe masu a gindi. A sati na 2 da na 3 su ka fi mutuwa. Wata kuma manyan kaji ta ke kamawa: tsoron kansu shi koɗe, su daina ci, su yi zawo mai ruwan ɗorawa ko tsanwa. Waɗanga biyu ba su faye taɓa mutum ba. Aljihun mai kiwo su ke taɓawa.

Sauran dangin su ne macijin ƙaiƙayi. Kaza ta na ɗauke da su amma lafiyarta lau, ta na ci ta na ƙiba. Babu alamar da mai ita zai gani. Sai an ci namanta ko ƙwanta ba a dafa sosai ba, ko an taɓa kashinta an kai hannu baki, sannan mutum shi kwanta.

Daga ina ɗan tsako ke samo ta?

Ƴan tsakin da mu ke saye cikin kwali ba kaza ce ta kwanta masu ba. Inji ne ya ƙyanƙyashe su. Da yawa daga nesa su ke zuwa, daga Najeriya, musamman wajen Ibadan, wasu kuma cikin jirgin sama daga Turai. A gidan ƙyanƙyasa a na tara ƙwai dubbai daga gidajen da ke kiwon uwayen kaji. A jera su cikin inji kwana 21.

Ta hanya biyu cutar ke shiga ƙwai. Ta farko, daga cikin uwa. In salmonela ta kama mahaifar kaza, ta na shiga ƙwai tun ɓawo bai rufe ba. Ƙwan zai fito tas, babu datti a jikinshi, amma cutar na ciki.

Ta biyu, ta ɓawo. Ɓawon ƙwai ba rufe ya ke ruf ba. Ya na da ƴan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke numfashi. Kaza na saka ƙwai da ɗumi. In ya na hucewa sai shi riƙa zuƙo iska ciki. In bisa kashi ya faɗa, har da ƙwayoyin cuta zai zuƙa. Shi ya sa wanke ƙwai da ruwan sanyi ba tsabta ba ce. Ruwan na goge wani ɗan shafi da ke kare ɓawo, kuma ya na tura dattin ciki.

Cikin inji kuwa akwai ɗumi wajen digiri 37 zuwa 38, akwai laima. Abin da ɗan tsako ke so kenan, kuma shi ne salmonela ke so. Ranar ƙyanƙyasa gashin ƴan tsaki da ƙurar ɓawo su na tashi, fanka na kaɗa su ko'ina. Ƙwai kaɗan masu cuta sun isa su ɓata ƴan tsaki masu yawa. Daga nan a zuba su kwali guda, su sha tafiya cikin zafi da ƙishirwa, su iso a gajiye.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sani. Ba duka ƙwayoyin da ke cikin hanji ne ke sa ciwo ba. Akwai na kirki masu yawa. Su ke tsare wuri, su hana miyagu zama. Ɗan tsakon gida ya na samun su wajen uwarshi, dan ya na bin ta ya na tsattsagar inda ta tsattsaga. Ɗan tsakon inji maraya ne. Hanjinshi kamar sabuwar gona ya ke, duk irin da ya riga faɗawa shi ke tsira. Masana a ƙasar Finlan sunka nuna hakanan a 1973. Sun ba ƴan tsakin kwana ɗaya ƙwayoyin hanjin babbar kaza mai lafiya, sai salmonela ta kasa kama su kamar yadda ta ke kama sauran.

Kada dai mu ɗora ma gidan ƙyanƙyasa laifi duka. Ɗan tsako na iya zuwa da lafiyarshi, shi samu cutar a ɗakinmu. Ta na shigowa da abinci, musamman garin kifi da dusar da ɓeraye ke hawa. Ta na shigowa da ƙadangare da ƙuda da tsuntsaye. Ta na shigowa a takalmin baƙo, da kejin mai sayen kaji wanda ya fito wani gida ya shigo naka. Ta na kuma jira cikin tsohuwar shimfiɗar da ba a kwashe ba.

Ƙwayoyin cuta ƴan tauri

Maganin da a ke zuba ma kaji sunanshi antibiyotik. Kun san shi. Kafson nan ja da ruwan ɗorawa da wasu ke ce ma tupaye, irinshi ne. Aikinshi kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Magani ne mai daraja, ya ceci rayuka da ba su ƙirguwa. Amma ya na da wani hali: yawan aiki da shi na dakusar da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Cikin hanjin kaji akwai ƙwayoyi miliyoyi. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Cikinsu ba a rasa ƴan kaɗan da magani ba ya yi ma komi, kamar ƴan tauri da wuƙa. In an zuba magani, masu rauni su mutu, ƴan tauri su saura. Da can su na cikin matsi, ba su da wuri. Yanzu mun share masu fili. Sai su yi ta haihuwa, kuma ɗiyansu ma ƴan tauri ne. In an sake zuba magani gobe, an ƙara share masu fili. Kafin kaji su isa yanka, ƴan tauri ne sunka cika ɗaki.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin cuta na ba juna asirin taurin, ko ba dangi ɗaya su ke ba. Wadda ba ta sa ciwo ta na iya miƙa ma salmonela. Kuma sau da yawa asirin ba na magani guda ba ne, ƙunshi ne. Ƙwaya guda sai ta ƙi jin magani 3 ko 4 ko fiye.

A lura da kyau. Ba kaza ce ta saba da magani ba. Ba jikin mutum ne ya saba ba. Ƙwayar cutar ce ta daina ji. Saboda hakanan yaron da bai taɓa shan kafso ba tun da anka haife shi, in irin wagga ƙwaya ta kama shi, magani ba zai yi mashi aiki ba.

Manya sun ga irin wanga da idonsu. Da can in masassarar cizon sauro ta kama mutum, nibakin a ke ba shi ya tashi. A hankali nibakin ta daina aiki, har a 2005 Nijar ta canza magani. Ƙwayar masassara daban ta ke da salmonela, amma hanyar guda ce.

Magani kaɗan-kaɗan kullum shi ya fi komi ɓarna. Bai kai shi kashe ba, sai dai shi tankaɗe masu rauni shi bar masu ƙarfi. Ya na kuma kashe ƙwayoyin kirki da munka ce su ke tsaron hanji. Ko kazar da ta yi ciwon salmonela anka ba ta magani ta tashi, sau da yawa cutar na nan cikinta, ta na zubar da ita cikin kashi da ƙwai.

Na taɓa shiga ɗakin wani mai kiwo lokacin ɗari. Kajinshi na mutuwa, wuyansu na murɗewa. Ya nuna mani ledoji kala 5 da ya saya, duka ya gwada. Ciwon kuwa annobar nan ce ta lokacin hunturu da likitoci ke ce ma Niyukasal. Ba irin ƙwayar da antibiyotik ke kashewa ba ce ke kawo ta. Lamba ce kaɗai ke tsare ta, kuma bai yi ba. Kuɗɗin da ya zuba ga ledojin nan sun fi na lambar nesa ba kusa ba. Cikin ledojin har da wadda anka ce mashi bitamin ce. Da munka karanta bayanta, sai ga sunayen antibiyotik huɗu a ciki. Irin waɗanga ledoji na da yawa a kasuwa. Mai kiwo na ba da magani bai ma san ya na ba da shi ba.

Ba mu munka fara wagga al'ada ba. Wajen 1950 anka lura a Amurka cewa in an sa antibiyotik kaɗan cikin abincin kaji su na saurin girma. Duniya duk ta bi. Da ɓarnar ta bayyana, ƙasar Suwidin ta hana ba bisashe magani dan ƙiba a 1986. Ƙasashen Tarayyar Turai sunka hana a 2006.

Abin da ya faru a Kanada

Wani zai ce: ina shaida cewa maganin da anka ba kaza ya na ɓata na mutum? Akwai shaida, kuma daga gidajen ƙyanƙyasa ta fito.

A ƙasar Kanada akwai wata jiha, Kebek. Gidajen ƙyanƙyasa na can sun saba yi ma ƙwai allurar wani magani mai ƙarfi, seftiyofir, kafin a ƙyanƙyashe. Su na yi dan tsare ƴan tsaki daga ciwon cibiya. Kowane ƙwai a na yi mashi, mai cuta da maras cuta. To wanga magani ɗan uwa ne na seftiriyakson, allurar da a ke yi ma yara da mata masu ciki in ciwo ya yi tsanani. A asibitocinmu ma a na aiki da ita. Ƙwayar da ta ƙi jin ɗaya, ta ƙi jin ɗayan.

Ma'aikatan lafiya na Kanada su na sayen naman kaji a kasuwa su na aunawa. Su na kuma auna marasa lafiya a asibiti. Wani irin salmonela su ke bi, mai suna Haidelbag. A 2004, cikin kowace 100 da sunka samu ga naman kaji a Kebek, 62 ba su jin maganin. Cikin 100 da sunka samu ga mutane, 36 ba su ji.

A 2005 masu gidajen ƙyanƙyasa sunka yarda da kansu sunka daina allurar. A 2006 anka sake dubawa. Ga naman kaji, 62 ta koma 7. Ga mutane, 36 ta koma 8. Ba a canza komi a asibiti ba. A gidan ƙyanƙyasa anka canza.

A 2007 wasu sunka koma ma allurar, sai lissafin ya fara hawa kuma. A watan Mayu na 2014 masu kiwon kaji na Kanada duka sunka hana yin rigakafi da irin wanga magani.

Labarin na da daɗin ji ta wani gefe. Ya nuna in an daina, abin na iya ja da baya, kuma ba da daɗewa ba.

Mu ma abin ya iso yankinmu. A 2011 masana na cibiyar Pasteur ta Paris da abokan aikinsu sunka ba da labarin wani irin salmonela mai suna Kentaki. Ba ya jin siporo, maganin da a ke ba manya in zawo da masassara sun yi tsanani. An same shi ga kaji a Najeriya da Maroko da Habasha. Siporo kuwa na da ɗan uwa, anrofulokzasin, wanda a ke zuba ma kaji cikin ruwa.

Wani babban lissafi da anka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 ƙwayoyin da ba su jin magani sun kashe mutum wajen miliyon 1 da dubu 270 a duniya. In an auna da yawan jama'a, Afirka ta yamma ce ta fi kowane yanki asara. Ba kaji ne sunka jawo wanga duka ba. Sayen kafso ga mai talla a kasuwa, da shan biyu a bar saura, da ruwa maras tsabta, su na da babban kaso. Amma ɗakin kaji na cikin lissafin, kuma shi a hannunmu ya ke.

In ta kama mutum

Ciwon na fitowa tsakanin awa 6 da awa 72 bayan an ci abin da ke ɗauke da ita. Zawo, murɗar ciki, masassara, wani lokaci da amai. Ya na yin kwana 2 zuwa 7. Babban mutum mai ƙarfi ya kan warke ba tare da antibiyotik ba. Abin da jikinshi ke bukata ruwa ne. A ba shi garin nan na ruwan gishiri da sukari da a ke samu a gidan likita. In babu, a samu litar guda ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin na gishiri. Cokalin a shafe bakinshi, kada a yi tozo. Yaro a ci gaba da ba shi nono da abinci. Kada a ruga wajen mai tebur a sayo kafso.

Hatsarin na ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu sikila. Yaron da tamowa ko masassarar cizon sauro ta riga ta raunana shi ya fi kowa. Ga irin waɗanga ƙwayar na iya barin hanji ta shiga jini. Nan kam babu makawa sai antibiyotik. Ranar nan ce a ke bukatar wuƙa mai kaifi. In ƙwayar ƴar tauri ce, likita zai gwada na farko shi ƙi, shi gwada na biyu shi ƙi. Na ukku ya na da tsada, wata ƙila ma sai an tafi babban gari. Yaro kuwa ba ya jira.

In kun ga jini cikin zawo, ko masassara mai zafi da ba ta sauka, ko yaro ya ƙi nono, ko idonshi ya faɗa, ko ya na ta barci ba ya motsi, a kai shi gidan likita ran nan.

Ciwon tifoyid ma dangin salmonela ne ke kawo shi. Amma shi daga mutum zuwa mutum ya ke bi, ta ruwa da abinci. Ba kaji ke kawo shi ba.

To mi za a yi in ba a zuba magani ba?

Ƙasar Danmark ta sha fama da salmonela. A 1988 da 1989, cikin garken kajin nama 100, fiye da 65 na ɗauke da ita. A shekarar 2000 ba su kai 5 ba. Ba da antibiyotik sunka yi ba. Sun riƙa auna uwayen kaji, garken da anka samu da cuta a kawar da shi. Sun riƙa turara abincin kaji da zafi. Sun tsare tsabtar ɗakuna. A 2006 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa ba a yaƙin salmonela a gidan kaji da antibiyotik.

Ba mu da kuɗɗin Danmark. Amma mafi yawan aikin tsintsiya ne da sabulu da haƙuri.

A fara tun wajen saye. Ka san gidan da ƴan tsakinka sunka fito. Ka tambayi mai kawo su ko a na auna uwayen, da irin lambar da anka yi masu. In bai san amsa ba, wanga ma amsa ce. Ka buɗe kwali ka duba kafin ka biya. Ɗan tsako mai lafiya ya na tsaye da ƙafarshi, ido buɗe, cibiya ta bushe ta rufe, gindi babu kashi. Arha ga ɗan tsako ba ta faye zama riba ba. A ganina mai saida ƴan tsaki da ke haɗa maka da ledar magani tun ba ka tambaya ba, ciniki biyu ya ke nema. Wani lokaci kuma shi kanshi bai yarda da kayanshi ba.

Abin da ɗan tsako ke bukata ran da ya iso shi ne ruwa mai tsabta, da ɗumi, da busasshiyar shimfiɗa, da wurin da ba matsi. Ka samu kaye ka riƙa rubuta waɗanda sunka mutu kowace rana. A gidan kiwo mai tsari abin da ke mutuwa a satin farko bai faye wuce 1 cikin 100 ba. In ka ga ya na wuce hakanan sosai, ka kira malamin kiwo, kuma ka faɗa ma wanda ya saida maka.

Kaji su shiga tare su fita tare. Kada a zuba sababbi bisa tsofaffi. In an saida garke, a kwashe shimfiɗa duka, a share har rufi, a wanke da ruwa da sabulu. Bayan nan a ke sa girezil ko ruwan jabel, dan ba su aiki bisa datti. A bar ɗaki babu kaza sati 2 shi bushe. Na san wanga shi ya fi ciwo, dan mai kiwo na ganin ɗaki wofi kamar kuɗɗi ne ke kwance. Amma garke guda da ya lalace ya fi sati 2 tsada.

Abin shan ruwa a wanke shi kowace safiya, a ɗora shi bisa bulo dan kada kashi shi faɗa ciki. Ruwan da ba za ka sha ba, kada ka ba su. Buhun abinci a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe. A toshe ramun ɓera. Kajin gida da zabi da agwagi da tantabaru kada su kusanci ɗakin. A aje takalmi guda na shiga ɗakin kaɗai, da kwano mai girezil a bakin ƙofa. Mai saye shi tsaya waje a fito mashi da kaza. Wadda ta mutu a bizne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa bayan gida kare shi ja.

Masu ƙaramin injin ƙyanƙyasa a gida, na ƙwan kaji ko na zabi, dokar guda ce. A zaɓi ƙwai mai tsabta, wanda bai tsage ba, wanda bai wuce sati da sakawa ba. Wanda ya ɓaci da kashi kada a wanke a sa, a bar shi. Bayan kowace ƙyanƙyasa a bizne ɓawo da ƙwan da bai fashe ba, a wanke inji shi bushe. Kada a aje inji ko ƴan tsaki a ɗakin da yara ke kwana.

Ba mu ce kada a ba kaza magani ko kaɗan ba. In ciwo ya zo, a ware marasa lafiya, a kira malamin kiwo ko likitan bisashe. A nuna mashi wadda ba ta daɗe da mutuwa ba dan shi buɗe shi gani. A Yamai akwai gidan awo na ma'aikatar kiwo, Labosel, mai binciken cututtukan bisashe. In likita ya rubuta magani, a ba da awon da ya ce, kwanakin da ya ce, ba ragi ba ƙari. Maganin mutane kada a ba kaji. Kuma kowane magani na da kwanakin jira kafin a yanka kaza ko a ci ƙwanta. Su na rubuce a bayan leda. A karanta, a rubuta ranar cikin kaye. Wanda ya saida kaza kwanakin ba su cika ba, ya saida ma mutane nama da sauran magani a ciki.

Daga yanka zuwa tukunya, daga ɗaki zuwa garka

Wajen fiɗa ne cutar ke fita daga hanji ta hau nama. A cire hanji a hankali kada shi fashe. A kasuwa za ka ga a na tsoma kaji da yawa cikin ruwan figa guda tun safe har marece. Ruwan nan ya kamata a riƙa canza shi. A gida, wuƙa da tasar da sunka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa albasa ko tumatir ko salati. Nama shi dahu har ƙashi, kada a ga ja a ciki. Gasasshiyar kaza ta fi yaudara, dan bayanta na iya ƙonewa cikinta bai nuna ba. Ƙwai shi dahu har gwaiduwa ta daskare. Ɗanyen ƙwai da wasu ke sha dan ƙarfi ko dan murya, a bari, balle ga yaro. Wanda ya fito ɗakin kaji shi wanke hannu da sabulu kafin shi ci abinci ko shi ɗauki jinjiri.

Saura taki. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, masu garka na neman shi. Amma in an ɗebo shi ɗanye an zuba ma salati da shu da karoti, ƙwayoyin da munka yi magana, har da ƴan taurin, sun tashi daga ɗakin kaji sun koma bisa abin da a ke ci ba dafawa. A tara shi wuri guda nesa da rijiya, a gauraya da ciyawa ko kara, a yayyafa ruwa, a rufe. A riƙa juya shi. Tarin zai yi zafi daga ciki, zafin nan ke kashe cutar. Sai ya yi watanni ya ruɓe, ya yi baƙi, wari ya tafi, sannan a kai shi garka. Mai son a nuna mashi yadda a ke haɗa tarin shi tuntuɓi malamin gona ko malamin kiwo na wajensu.